Mai Makulli a Ramin Bawul

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana yawo da ƙarfen nan, har kafaɗarsa ta dama ta ɗan kwanta ta fi ta hagu. Ƙarfe ne dogo da ya kai ƙirjin mutum, samansa da maƙama a gicciye, ƙasansa da baki mai kusurwa huɗu wanda ake zura wa kan bawul, wato mabuɗin ruwan bututu, a murɗa. Saboda shi unguwa ta manta da sunansa na gaskiya. Kowa Mai Makulli yake ce masa, har matarsa ma, ranar da ya ɓata mata rai.

Ƙaramin ma'aikaci ne a hukumar ruwa. Ruwan ba ya isar gari a lokaci ɗaya, don haka bi da bi ake ba unguwanni, shi kuma shi ne mai rabon. Ya buɗe wa wannan layi da sassafe, hantsi ya ɗaga ya rufe, ya taka ya buɗe wa na gaba. Bawul goma sha tara ne a hannunsa, kuma ya san halin kowanne kamar 'ya'yansa. Akwai wanda zagaye goma sha biyu ya ishe shi, akwai wanda sai an ɗan ja da baya kafin ya yarda ya tafi gaba, akwai mai kuka kamar akuya. Idan ya ɓullo kan layi, matan da suka jera bokitai a bakin famfo sai su ɗauke shi da tsiya.

"Baba Mai Makulli, yau ma sai da ka ga dama?"

"Ni ɗan aike ne, 'ya'yana," yakan ce. "Ba ni na haifi ruwan ba."

Mutum ne mai sanyin hali, ba ya ɗaga murya, ba ya sauri. Wanda ya gan shi zai rantse babu abin da ke damunsa a duniya. Matarsa kaɗai ta san akwai, ita ma sai da suka haifi na biyu ya gaya mata.

Yawancin bawul ɗin daga sama ake murɗa su, ta wata 'yar ƙofa a ƙasa mai faɗin tafin hannu. Amma manya guda uku suna cikin rami ne ginanne, mai zurfin tsayin mutum biyu, da murfin ƙarfe mai nauyi a kai da matakalar ƙarfe a jikin bango. A shekararsa ta biyu da fara aiki, maigidansa da ya koya masa sana'ar, wani tsoho mai barkwanci da ake kira Gajere, ya sauka cikin ɗaya daga cikinsu don ya ɗaure wani noti. Da rana tsaka ne. Ya kai ƙasa ya ɗago kai ya ce, "Miƙo mini sifana." Mai Makulli ya juya ya ɗauko, ya sake leƙawa, sai ya ga Gajere ya zauna ya jingina da bango kamar wanda ya gaji. Ya kira shi, shiru. Gurɓatacciyar iska ce ta taru a ƙasan ramin, irin wadda ba a gani, mutum ya shaƙa ya ji barci kawai yake so. Wani lebura da ya bi shi don ya ciro shi, da ƙyar aka jawo shi da igiya a sume. Gajere kuwa gawarsa aka fito da ita. Duk wannan abin da ake yi Mai Makulli na tsaye da sifana a hannu, ko taku ɗaya bai yi ba.

Daga ranar bai ƙara shiga rami ba. Idan aikin sauka ya taso, sai bayansa ya riƙe, ko ya yi musanya da wani, ko ya samu wani uzuri a can ƙarshen gari. Ko rijiya ba ya leƙawa. Ya iya ɓoye abin har abokan aikinsa suka ɗauka lalaci ne irin na tsofaffin ma'aikata, shi kuma ya gwammace a ce masa malalaci.

Abin da ya rasa a nan ya samu a kunne. Yana da wata sanda siririya mai ɗan kofin katako a kai. Idan ya dafa bakinta a ƙasa ya kara kofin a kunne, zai gaya maka abin da ruwa ke yi a ƙarƙashin ƙafarka. Bututun ƙarfe idan ya huje fito yake yi siriri, na roba kuma gurnani yake a hankali, mahaɗar da gam ɗinta ya saki tana ɗan tsartuwa tana tsayawa. Masu gyaran famfo na unguwa kan roƙe shi ya nuna musu inda za su haƙa, kuma da wuya su yi kuskuren taku biyu.

'Ya'yansa biyar, duk sun watse sai Auta, wadda ta auri wani tela suka kama shago da ɗaki a bayansa, a kan wani layi mai gangara. A ƙarƙashin layin nan babban bututun ƙarfe ya bi, mai faɗin da yaro zai iya rarrafawa a ciki, wanda aka shimfiɗa tun kafin a haifi Mai Makulli. Auta na da jaririya 'yar wata huɗu, shi kuma kullum ya biyo ta wajen sai ya tsaya ya ga amaryarsa, kamar yadda yake ce wa jikar.

Wata Talata ya tsaya, ya tarar da Tela yana kokawa da ƙofar shago.

"Sannu da zuwa, Baba. Ƙofar nan ce ta sa ni gaba. Sau biyu kafinta na fere ta, ta sake cijewa."

Mai Makulli ya dubi saman ƙofar, ya ga wata tsaga siririya ta taso daga kusurwa ta nufi rufi. Sai ya tuna kwana uku ke nan matan ƙarshen gangara na ƙorafin ruwansu ba ƙarfi. Ya jingina makulli, ya zaro sanda, ya dafa ta a kan simintin shago tsakanin kekunan ɗinki guda biyu.

Abin da ya ji ba fito ba ne, ba gurnani ba. Ƙarar ruwa ce mai faɗawa cikin fili, kamar ana tsiyaya bokiti a cikin babbar randa wadda ba kowa a cikinta. Ya matsa bakin ƙofa, ƙarar ta ƙaru. Ya fita kan titi, ta ƙara ƙaruwa. Ya duba ko'ina, ƙasa a bushe ƙayau, ko danshi babu. Fashewar da ta fito sama ba ta ba shi tsoro, kowa ya gan ta, a zo a gyara. Wadda ba ta fito ba ta samu hanya ke nan a ƙasa, wataƙila tsohuwar magudanar da ta bi gefen layin, kuma duk inda ruwa ya bi da ƙasa yake tafiya. Gida na tsaye a sama, ƙarƙashinsa ana yashe shi.

"Ku tashi daga gidan nan," ya ce wa surukinsa. "Yau."

Tela yaro ne mai ladabi, bai taɓa musu da shi ba. Ya sunkuyar da kai yana murmushi irin na wanda ba ya son ya kunyata babba.

"Baba, ai damina ce ta kumbura katakon. Kuma ina za mu nufa da kayan mutane? Ga ɗinkin ɗaliban makaranta guda sittin, Litinin za a karɓa."

"Zo ka saurara da kunnenka."

Tela ya kara kofin a kunne, ya yi shiru, ya ɗago. "Na ji kamar iska, Baba."

Daga nan ofis ya wuce. Injiniyan da ke kula da shiyyarsu matashi ne, ba mugu ba, amma takardu sun yi masa yawa. Ya saurare shi har ƙarshe, ya rubuta.

"Na yarda da kunnenka, Baba. Amma motar haƙa ɗaya gare mu, kuma akwai wurare huɗu da ruwa ke malala a kan titi mutane na zaginmu. Idan na ce a fasa kwalta a wurin da yake a bushe, me zan ce wa na sama da ni?"

"To a rufe babban bawul na saman gangara, ranka ya daɗe, har a samu motar."

"Wannan bawul ɗin rabin gari ne, har da asibiti da kasuwa. Kada ka taɓa shi sai da takarda."

Ya fito jiki a sanyaye, ba don an hana shi kaɗai ba. Akwai abin da bai faɗa ba. Bara ya gwada makullinsa a kan babban bawul ɗin, sai ya ji yana zamewa. Tsatsa ta cinye kusurwoyin kan har ya zama kamar kan taɓarya, makulli ba ya kama shi. Da ya kai rahoto a lokacin, da an ce ya sauka ya sa sabon kai, aikin rabin sa'a. Shi ya sa ya mayar da murfi ya yi shiru, yana gaya wa kansa shekara nawa aka yi ba a buƙaci rufe shi ba.

Kwana shida ya yi a cikin wannan hali. Kowace safiya kafin ya buɗe wa kowa ruwa sai ya bi ta layin Auta ya dafa sanda, kowace safiya kuma randar da ke ƙasa ta ƙara girma. Ranar Laraba ya soka tsinken ashana a tsagar bango, ya tsaya cak. Ranar Juma'a tsinken ya faɗa ciki, ya sa ɗan yatsa ya shige. Abinci ya daina wuce masa. Idan babbar mota ta bi layin yana tsaye, sai ya ji kamar a kan ƙirjinsa ta bi.

Matarsa ta gaji da ganin kwano na komawa yadda ya zo. Ta aika wa Auta cewa jiri na ɗibarta, ta zo ta taimaka mata. Auta ta zo da jaririya ta kwana biyu, ta ga uwarta na daka da wanki garau, ta gane.

"Inna, ku da Baba kun haɗa baki ke nan," ta ce tana dariya tana goya 'yarta. "Mijina na can shi kaɗai da ɗinki sittin, ko mai sa masa maɓalli babu. Litinin in an karɓi kayan, wallahi zan lallashe shi mu dawo nan. Baba, ka kwantar da hankalinka."

Ya raka ta har bakin titi. Ya so ya riƙe hannunta ya ce ba za ta ba, amma 'yar da ka aurar ba a yi mata haka.

Litinin ɗin da hantsi yana wani layi can gefe, ya buɗe bawul, ruwa na zuba a famfo, mata na hira. Kawai sai ruwan ya yi tari sau biyu ya tsaya, famfon ya fara zuƙar iska.

"Baba, me ka taɓa kuma?"

Bai taɓa komai ba. Ya san abu ɗaya ne zai janye ruwan unguwa gaba ɗaya a lokaci guda. Ya saɓi makulli ya sa gudu, mutumin da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba.

Tun daga nesa ya ji ihu. Titin da ke gaban shagon Tela ya rufta, rami ya buɗe mai faɗin ɗaki, jan ruwa na tafasa a ciki yana juyawa, gefunan kwalta na karyewa suna faɗawa kamar gutsuren burodi. Dakalin shagon ya riga ya tafi. Ginin ya ɗan sunkuyo gaba. Tela, wanda ya fita sayen zare abin ya faru a bayansa, yana ta zagaye yana kiran sunan matarsa, mutum biyu na riƙe da shi kada ya faɗa.

Auta da jaririya suna ɗakin baya. Ginin da ya karkace ya danne ƙofar ɗakin, ta ƙi buɗuwa, tagar kuma ƙarafuna ne da ita. Wani mai walda ya zaga ta lungu yana yanka ƙarafunan da zarto, don babu wuta. Mai Makulli ya leƙa lungun, ya hango fuskar 'yarsa a bayan ƙarfe. Ba ta kuka. Ta rungume jaririya tana kallonsa kawai.

"Minti nawa?" ya tambayi mai walda.

"Ƙarfe huɗu ne, Baba, ina kan na farko. Ka ba ni rabin sa'a."

Ya koma ya dubi yadda ruwan ke cin ƙasa. Babu rabin sa'a. Wani ya ce an kira hukuma, sun ce mota na hanya. Ya san inda motar take, ya san hanyar.

A cikin taron akwai wani mahauci ƙato da ke da rumfa a kan kwana. Mai Makulli ya kama hannunsa. "Ɗana, samo igiya mai ƙarfi ka biyo ni." Ya fizgi babbar sifana mai haƙora da guntun bututun ƙarfe daga jakar wani mai gyaran famfo da ke tsaye yana kallo, suka haura gangara. Taku ɗari biyu ne zuwa babban bawul.

Su uku suka ɗaga murfin, da wani direba da ya ba da igiyar ɗaure kaya. Wari ya bugo su, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Kyankyasai suka watse a jikin bango. Can ƙasa baƙin ruwa ne kwance, bawul ɗin na tsaye a tsakiya kamar wata dabba da ta durƙusa. Mai Makulli ya zura makulli daga sama, duk da ya san abin da zai faru. Ya murɗa, ya zame. Ya sake, ya zame. Ya ajiye shi a gefe.

"Ni in sauka, Baba," mahaucin ya ce. "Ka gaya mini abin da zan yi."

Zuciyarsa ta ce ka bar shi. Har bakinsa ya buɗe zai ce to. Amma ramin ƙunci ne da shi, wannan ƙaton ko juyawa ba zai iya ba, kuma babban bawul ba a rufe shi da ƙarfi kawai. Idan aka datse ruwa mai gudu haka farat ɗaya, dawowa yake ya daki bututu, tsohon ƙarfe kuma ya fashe a fuskar wanda ke ciki.

Ya ɗaura igiya a ƙarƙashin hammata. Direban ya ja ƙullin ya ƙara ɗaure shi tamau. Suka yi ta fifita bakin ramin da kwali na ɗan lokaci, iyakar abin da za a iya ke nan.

"Ka riƙa yi mini magana," ya ce wa mahaucin. "Kada ka yi shiru. In ka tambaye ni ban amsa ba, ko ka ga na zauna, ka ja. Kada ka sauko, ko me ka gani. Ka ji? Ja kawai."

Ya yi bisimilla ya juya baya ya sa ƙafa. Matakala ta farko, ta biyu. Hasken rana ya fara tsukewa a samansa. Ta biyar ta karye a ƙarƙashin ƙafarsa, ya tafi suu, igiya ta cije shi a ƙirji, gwiwarsa ta daki bango. Ya ji wata ƙara ta fito daga bakinsa wadda bai san yana da ita ba. Suka sassauta a hankali har ƙafafunsa suka shiga ruwa mai sanyi, ya kai masa gwiwa, ƙasa kuma laka ce mai santsi.

"Baba, kana ji na?"

"Ina ji."

Ya ɗora haƙoran sifana a wuyan bawul, ya zura guntun bututu a hannunta don ya ƙara tsawo, ya ja. Ko gezau. Ya tokare ƙafa da bango ya ja da dukkan jikinsa, sai ya ji ƙas, tsatsa ta saki, abin ya motsa kaɗan. Zagaye talatin da takwas ne bawul ɗin. Saboda ƙuncin wurin, kowane zagaye sai ya cire sifana ya mayar sau huɗu.

"Ɗaya," ya faɗa da ƙarfi.

Mahaucin ya rasa abin da zai ce wa dattijon da ke cikin rami, sai ya kama ba shi labarin wani bijimi da ya taɓa kuɓuce masa ya shiga shagon aski. Yana yi yana tambaya. "Ka san me wanzamin ya yi, Baba?"

"Me ya yi? Bakwai."

"Ta taga ya fita, ya bar mutum da rabin kai!"

A na goma sha biyar hannayensa suka fara zubar da jini. A na ashirin bututun ya canja murya, ruwan da ake matse wa hanya ya fara kururuwa a cikin ƙarfe, ramin duka na rawa. Sai tsohon abin toshiyar da ke wuyan bawul ya gaza, ruwa ya tsarto ta gefe da ƙarfi ya dake shi a fuska. Ramin ba shi da mafita, laka ta toshe ta tuntuni. Ruwan ya haura cinya, ya kai ƙugu.

Ba ruwan ne ya fi ba shi tsoro ba. Wajen zagaye na ashirin da shida ya ji wani daɗi na saukar masa, kansa ya yi sakayau, warin ma ya daina jin sa. Bangon da ke bayansa ya zama kamar katifa. Wani abu a cikinsa na ce masa ɗan jingina kaɗan, numfashi biyu kawai, sai ka ci gaba. Ashe haka Gajere ya ji. Ashe ba wahala ya sha ba, lallashinsa aka yi. Ya ciji leɓensa har ya ji gishirin jini.

"Baba! Na ce 'ya'yanka nawa?"

"Biyar."

"Faɗo su!"

Ya fara jero su daga babba, kowane suna da jan sifana ɗaya. Da ya zo kan Auta ya sake komawa farko.

A na talatin da uku ruwa ya kai masa ƙirji, kan bawul ya nutse, da lalube yake aiki. Kuma a nan ne dole ya rage sauri. Duk jikinsa na cewa ka fizge ka gama ka fita, shi kuwa yana ja kaɗan, ya tsaya ya ƙirga biyar, ya sake ja kaɗan, yana jin bututun na harbawa a ƙarƙashin tafin ƙafarsa. Daga sama muryar mahaucin ta koma can nesa, kamar daga wata unguwa. Ya ji ana cewa a ja shi, ya ɗaga hannu ɗaya ya ce a'a, ko kuwa ya ɗauka ya ce.

Talatin da bakwai. Kururuwar ta koma fito, fiton ya sirance. Ya ja na ƙarshe, sifana ta tsaya ta ƙi gaba, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya yi tsit.

Bai san lokacin da aka fito da shi ba. Ya farfaɗo a kwance a gefen titi, ana danna masa ƙirji, yana aman baƙin ruwa. Mahaucin na durƙushe a kansa yana kuka kamar yaro, tafukan hannunsa duk igiya ta saɓule su.

"Auta," ya ce.

"An fito da su, Baba. Ita da yarinyar. Ko ƙwarzane babu."

Daga baya aka ba shi labari. Da ruwan ya tsaya, ƙasa ta rage zaizayewa, mai walda ya samu ya yanke ƙarfe uku, aka miƙo jaririya, aka jawo uwar. Ba a yi minti goma sha biyar ba gaban ginin ya zube cikin ramin, da kekunan ɗinki biyu da kayan ɗalibai sittin.

Ya yi kwana tara a asibiti, asibitin da shi da kansa ya yanke wa ruwa, ana kawo musu a tanka. Rabin gari ya yi kwana goma sha ɗaya babu ruwa. Waɗanda suka san abin da ya faru suna zuwa gaishe shi, waɗanda ba su sani ba kuma suna can suna tsine wa Mai Makulli da ya rufe musu famfo ya tafi ya kwanta.

Injiniya ya zo duba shi da takarda a aljihu, wadda aka ce ya ba shi ya yi bayanin dalilin rufe babban bawul ba da izini ba. Bai fito da ita ba sai da Mai Makulli ya hango gefenta ya tambaya.

"Bar wannan, Baba, ni zan amsa. Ni ka gaya wa, ban ji ba."

"Akwai nawa laifin, ranka ya daɗe." Ya gaya masa zancen kan bawul da ya cinye tun bara, da dalilin da ya sa ya ɓoye, tun daga Gajere. Bayan matarsa, injiniyan ne mutum na biyu da ya taɓa jin labarin. Da ya gama sauraro sai ya ce za a sa a duba sauran manyan biyun. Aka duba, ɗaya ma haka yake.

Mutane sun ɗauka wanda ya shiga rami ya fito ya rabu da tsoro ke nan. Ba haka aka yi ba. Ƙaruwa ma ya yi. Ya fito da tari wanda bai sake shi ba, kuma ko murfin rami ya gani a titi sai ya tsallaka ɗaya gefen. Idan aka ce masa jarumi ransa ɓaci yake, ya ce jarumi shi ne wanda ya riƙe igiya. Ya ƙara shekara biyu a bakin aiki, ya ga an shimfiɗa sabon bututu baƙi na roba mai kauri a layin gangara, wanda ake haɗa shi da zafi ba da noti ba, sannan ya ajiye aiki.

Auta da mijinta wata biyar suka yi a gidansa, Tela na ɗinki da keken aro a ƙofar gida. Da suka tashi neman wani wurin, Tela ya rantse ba zai kama ko'ina ba sai Baba ya gani ya yarda. Gida shida aka kai shi, shida ya ƙi. Wannan babban bututu ya bi ta gabansa, wancan magudana ta bi ta bayansa, wancan kuma bai dai kwanta masa ba. A na bakwai matarsa ta saka mayafi ta bi su.

"Malam," ta ce tun kafin su shiga, "in ka ƙi wannan ma, ni zan tare a cikinsa in bar muku can ku yi ta zama."

Gidan a kan dutse yake, can saman gari, inda bututun hukuma bai taɓa kaiwa ba. Ya zaga shi sau ɗaya ya ce ya yi. Har yau Auta layi biyu take tsallakawa da bokiti kafin ta samu famfo, kuma duk ranar da ta zo gaishe su sai ta yi masa mita a kai, shi kuma ya yi ta ba ta haƙuri yana wasa da jikarsa.